Gyaran jiragen yaƙi ko aikin kamfani? Ku ba ni shawara

Abba_HND: Salam 'yan uwa. Sunana ya fito a sojan sama ɓangaren gyaran jirage, ga kuma wani kamfani ya kira ni aiki, Baba ya ce in zaɓa da kaina. Wanda ya san aikin gyaran, ya rayuwar take in ana cikin farmaki?

Sadiq: Je ka kawai, matuƙin jirgin yaƙi ai babban mutum ne.

Abba_HND: Gyara na ce yayana, ba tuƙi ba.

Maman Ilham: Ƙanena, aikin da yayana ya yi kenan a wani sansani. Jirgi zai dawo da dare su kwana kansa suna duba inji, su sa mai, su ɗaura makamai kafin asuba, kayan gyara kuma sai an jira daga waje, har a cire na wani jirgin a sa wa wani, shi wancan ya zauna yana tara ƙura. Yau kunnensa ɗaya baya ji saboda ƙarar inji, kuma ba mai tuna makaniki in an yi nasara, matuƙi ake ɗauka hoto. Wallahi har yanzu abin na ci min rai.

Kabiru: Allah ya ba shi lafiya. Amma ai an samu canji, jiragen yaƙi Super Tucano 12 da aka saya daga Amurka sun iso Najeriya 2021, suna Kainji, dala miliyan 496 aka biya.

Nura: 593 ne malam.

Kabiru: Wancan adadin da Amurka ta amince ne a 2017, ba abin da aka biya ba. Jiragen yaƙinmu na Alpha Jet tun shekarun 1980 suke tashi, wa ke riƙe da su in ba makanikai ba?

Sadiq: Kabiru kai da ko filin jirgi baka taɓa shiga ba 😂

Maman Ilham: Wanda ɗan uwansa ya sha wahalar shi ya kamata a saurara, ba masu karanta jarida ba.

Nura: Ni duk tsadar jirgi bata dame ni ba, wa ake jefa wa bam? Rann a 2017 sansanin 'yan gudun hijira ne, ga Tudun Biri a 2023 ana Mauludi.

Kabiru: Tudun Biri jirgi mara matuƙi ne na sojan ƙasa, ba sojan sama ba.

Nura: Iyalan waɗanda suka mutu ka je ka faɗa wa haka.

Abba_HND: Don Allah akwai wanda ya yi aikin da hannunsa a nan? Litinin zan ba kamfanin amsa.