Shin Drifters na bayan 1958 Drifters ne, ko aron suna suka yi?

Malam Habibu: Ra'ayina shi ne ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka da ake kira The Drifters ta ƙare a 1958, kuma duk wanda ya yi waƙa da sunan bayan nan ma'aikaci ne da aka ɗauka haya. Clyde McPhatter ne ya kafa ta a 1953 bayan ya bar ƙungiyar Dominoes ta Billy Ward, da goyon bayan Ahmet Ertegun na kamfanin faifai na Atlantic. Salonsu daga waƙoƙin cocin baƙar fatar Amurka ya samo asali: jagora mai siririyar murya yana sama, 'yan amshi suna mara masa baya, mai kaurin murya yana riƙe da ƙasa. Da muryar McPhatter waƙarsu "Money Honey" ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin salon baƙar fatar Amurka da ake kira R&B. A 1958 manajansu, George Treadwell, ya sallame su gaba ɗaya a gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a New York, ya ɗauko wata ƙungiya mai suna Five Crowns ya laƙaba mata sunan. Ban ga ta inda waɗannan suka zama Drifters ba.

Hajiya Rakiya: Malam, idan McPhatter ne ma'auninka, to ka makara wajen sanya ranar mutuwar. An ɗauke shi aikin soja tun 1954, daga baya ya sayar wa Treadwell kasonsa na ƙungiyar ya kama waƙa shi kaɗai. Ke nan mutanen da aka sallama a 1958 su ma albashin mako suke karɓa, ba su da iko da sunan, kuma an riga an sauya jagororin waƙa a tsakaninsu fiye da sau ɗaya. Me ya sa hayar farko ta halatta a wurinka, ta biyu kuma ta haramta?

Malam Habibu: Saboda sauyin farko a hankali aka yi shi, Hajiya. Wani ya fita, wani ya shigo ya tarar da na da, ya koyi yadda suke jera muryoyinsu. Haka ma ake yi a wurin makaɗanmu idan uban kiɗa ya rasu: wanda ya gaje shi ya daɗe yana amshi a bayansa. A 1958 kuwa babu wanda ya koya wa wani komai. Treadwell yana da sauran alkawuran wasa a Apollo da ya ƙulla da wannan suna, don haka ya nemi masu cike gurbi. Masu kallo ma ba su yarda nan take ba, domin sabuwar ƙungiyar ta sha fama da fushin jama'ar da suka san fuskokin na da.

Injiniya Bashir: Ina ganin kun bar abin da ya fi muhimmanci, wato abin da ke cikin faifan. A 1959 Jerry Leiber da Mike Stoller suka shirya "There Goes My Baby" da muryar Ben E. King, jagoran waƙa na sabuwar ƙungiyar, suka zuba mata gogen Turawa da ganguna masu salon Latin Amurka, abin da ba a saba ji ba a waƙar irin wannan ƙungiya. Jerry Wexler na Atlantic bai so ta ba da ya fara jin ta, amma ta kai matsayi na biyu a babban jerin waƙoƙi na mujallar Billboard. A 1960 "Save the Last Dance for Me" ta kai na ɗaya. Wanda duk ya saurari faifan 1953 da na 1959 a jere zai ji ƙungiya biyu ne, a nan na bi bayan Malam Habibu. Inda na rabu da shi shi ne ɗaukar ta biyun a matsayin jabu, alhali ita ce ta kai sunan duniya.

Hajiya Rakiya: Akwai kuma Johnny Moore, wanda ya rushe wannan katanga da kuke ginawa. Ya yi jagoranci a tsohuwar ƙungiyar kafin a ɗauke shi soja a 1957, ya dawo a 1963. Da Rudy Lewis, jagoran waƙar ƙungiyar a lokacin, ya rasu a 1964, ana gobe za a ɗauki "Under the Boardwalk", Moore ne ya rera ta. Bayan rasuwar Treadwell a 1967 matarsa Faye ta karɓi ragama, ta koma da ƙungiyar Ingila, kuma muryar Moore ce dai a gaba a nasarorin da suka samu can a shekarun 1970. Da aka shigar da Drifters zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1988, an haɗa mutum bakwai daga ɓangarorin biyu a ƙarƙashin suna guda.

Malam Habibu: Mutum ɗaya da ya dawo bayan shekara shida ba ya mayar da kamfani ƙungiya, Hajiya. Ki duba yadda aka yi da masu muryar. Bill Pinkney na tsohuwar ƙungiyar ya nemi ƙarin albashi aka kore shi, sai da ya raɓa kalmar "Original", wato na asali, a gaban sunan kafin ya ci gaba da wasa har rasuwarsa a 2007. Ben E. King ya nemi ƙari da kaso daga cinikin faifai, aka hana shi, ya tafi a 1960. Mawaƙa fiye da 60 ne suka ratsa ta ƙarƙashin wannan suna, kuma a cikin bakwai ɗin da kika ambata babu mai mallakar sunan, masu waƙar aka girmama.

Injiniya Bashir: Sai dai doka ba ta tare da kai, Malam. Dokokin Truth in Music da jihohin Amurka da dama suka kafa don hana ƙungiyoyin bogi sun yarda a yi wasa da tsohon suna idan akwai wanda ya taɓa ɗaukar faifai da ƙungiyar kuma yana da haƙƙin sunan, ko kuma idan masu wasan ne ke riƙe da rajistarsa. Bisa sharaɗi na biyu, wanda ya mallaki takardar zai iya tara samari huɗu da aka haifa bayan rasuwar McPhatter a 1972, ya sa musu kwat iri ɗaya, ya rubuta Drifters a ƙofar zaure, babu wanda zai tuhume shi.