Bayan ficewar Nijar daga ECOWAS: shawarwari ga mazauna ƙetaren iyaka

Tun da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, hankalin 'yan Nijar mazauna Kano da Sakkwato, da 'yan Najeriya masu shaguna a Maraɗi da Birnin Konni, bai kwanta ba. Ga abin da aka fi nanatawa game da lamarin.

Ba a ce kowa ya tattara kayansa ba. ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, 'yan ƙasashen su shiga ƙasashen ECOWAS ba biza, su zauna, su yi sana'a. Ƙawancen AES, wanda ƙasashen uku suka kafa, shi ma ya ba 'yan ECOWAS irin wannan dama tun Disambar 2024. Sai dai alfarma ce ta wucin gadi, zuwa lokacin da za a cimma sabuwar matsaya. A nan masu sanin doka suka fi jan kunne, kuma ina ganin gaskiyarsu: yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta bayar na shiga ba biza, wanda ya zo zama sai ya nemi takardar izinin zama.

Saboda haka a sabunta fasfo kafin ya mutu, a yi rajista a ofishin jakadanci. Rasit ɗin haya, na haraji, takardun makarantar yara, duk a adana su a leda guda, a ɗauki hotonsu a waya, domin su ne shaidar daɗewarka.

Yaran da aka haifa a ƙetaren iyaka, a yi musu takardar haihuwa yanzu.