Wai me za mu kira "big data" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamaina. Ƙarfe 8 na dare zan shiga shirin kimiyya a rediyo, amma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: "big data". Labari ne kan SKA, na'urar hangen taurari da ƙasashe suka yi taron dangi suna ginawa a Afirka ta Kudu da Ostireliya, hedkwatarta a Ingila. Abin da za ta riƙa tarawa ya fi ƙarfin ƙasa ɗaya, sai an rarraba shi ga cibiyoyi. Na rubuta "manyan bayanai", bai kwanta min ba.

Ɗan Mabera: Kar ka soma, za a zaci sirrin gwamnati ne. Ka ce tarin bayanai.

Malamar Arkilla: Tari ya yi kaɗan, ɗan'uwa. Ku tuna hoton baƙin ramin samaniya na 2019, wato wurin nan da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa. Na'urorin hangen taurari 8 suka haɗu wajen ɗaukarsa, bayanan sun kai wajen petabait 5, wato gigabait miliyan 5, turawa ta intanet ta gagara. Faifan ajiya aka loda wa jirgi zuwa Amurka da Jamus, na Antatika kuwa sai da hunturu ya wuce aka ɗauko su. Ɗimbin bayanai ya fi.

Baba Kanwuri: Tun bara nika faɗin "ambaliyar bayanai", ba wanda ya saurara. Abin ga kwarara shikai, ba ajiye yake ba.

Malamar Arkilla: Baba, Allah ya ja kwana, duk wanda ya ga ruwan 2010 a Goronyo, in ya ji ambaliya asara zai tuna.

Baba Kanwuri: Mi ad da ɗimbi in ba Hausar 'yan jarida ba? Komi aka faɗi Kano sai mu ɗauka?

Baƙon Kano: Baba, mu ina ruwanmu? Shi kansa "bayani" ai daga Larabci muka aro. A ce data kawai a huta.

Ɗan Mabera: A ce data, tsohuwa ta ɗauka ta MTN ce masana suka ƙarar?

Mai Fassara: Jama'a, saura minti 40. Na sa "ɗimbin bayanai", in na zo kan yadda suke kwararowa zan ambaci ambaliya sau ɗaya.

Baba Kanwuri: Sau ɗaya! To, Allah shi ba da sa'a. Ɗalibaina dai ambaliya suka sani.