Neman kalma: mi za mu kira emoji a takardar ƙa'idar biro?

Sakataren biro:
Assalamu alaikum malamai. Ana shirya ƴar takarda da Hausa, shafi guda, kan yadda ma'aikata za su riƙa rubutu a gurup ɗin WhatsApp na aiki, tunda kundin mulkin da aka fitar a Nijar a 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Komai ya tafi daidai sai wajen emoji. Abu uku ke yawo a bakin mutane nan Maraɗi: wasu su ce hoto, wasu ƴar fuska, matasa kuwa imoji kai tsaye. Wanne zai shiga takarda?

Mai gyaran salula:
Wa alaikumus salam. Malam, hoto dai a fara cire shi, don ba hoto salularka ke aikawa ba. Lamba take aikawa, kamar yadda take yi wa kowane harafi, sai salular mai karɓa ta zana abin da nata zanen. Shi ya sa fuskar da ka gani a Samsung za ta iya fitowa da wata kama a iPhone, tsohuwar salula kuwa ta nuna akwati babu komai ciki. Sunan ma daga Japananci yake: e zane, moji harafi. Shigetaka Kurita ya zana guda 176 a 1999 don wayoyin kamfanin NTT DoCoMo, a 2010 Unicode, ƙungiyar da ke ba kowane harafi lambarsa, ta shigar da su cikin jerin haruffanta. Sitika ita ce hoto na gaske, sai an sauke ta, tana cin data. Kuma in takarda ta ce "a rage aika hoto", wakilinku da ke Tasawa zai ɗauka hoton rasit ake nufi, ya daina turowa.

Malamar Hausa:
Allah ya saka da alheri, ƙanena, wannan bayani ya rage mana aiki. Ƴar fuska tana da daɗin faɗi, amma rabin kaya kawai ta ɗauka. Babban yatsa ba fuska ba ne, haka alamar maki, haka tuta, kuma su ne aka fi buƙata wurin aiki. Imoji ban ƙi ta ba. Harshen da ya karɓi mota da biro ba zai kasa karɓar wannan ba. Sai dai takardar nan dattawa za su karanta ta, da direbobi da masu gadi, kuma imoji ba ta faɗa musu aikin abin.

Na duba alama, na ga ta yi faɗi da yawa: alamar hanya, alamar tambaya, alamar ruwa, duk alama ce. Abin da nake ba da shawara shi ne ƴar ishara. Ishara ita ce abin da mutum ke yi da hannu ko ido ko kai a madadin magana: ya gyaɗa kai, ya ɗaga hannu, ya ɗaure fuska. Aikin ke nan da waɗannan ƴan zane suke yi cikin rubutu. Ta mace ce, jam'inta ƴan ishara. Masu fuska kuwa a bar musu sunansu na ƴar fuska, a matsayin kashi guda daga cikinsu.

Ma'aji:
Malama, ranki ya daɗe, ina da ja kaɗan. A bakin mutanenmu, in aka ce "wannan ishara ce", hankali yakan tafi ga gargaɗi daga Allah. Ba za ta yi nauyi ba?

Malamar Hausa:
Gaskiyarka Alhaji, tana da wannan ma'ana. Amma "ƴar" da ke gabanta ta sauke nauyin. Ba mai jin "manna masa ƴar ishara" ya tuna wa'azi.

Ma'aji:
To na yarda, har ma na ga amfaninta ta wani ɓangaren. Ishara ba sa hannu ba ce, kuma dole takarda ta faɗi haka ƙarara. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke cewa 👍 da wani manomi ya mayar wa mai saye, bayan an turo masa hoton yarjejeniyar cinikin amfanin gona, ya zama amincewa. Bai kai kayan ba, aka ce ya biya sama da dalar Kanada 82,000. Shi ya ce "na ga saƙo" yake nufi. Don haka duk abin da ya shafi fitar da kuɗi, izinin hutu, sayen kaya ko farashi, a rubuta shi da kalmomi: "Na amince a fitar da jika hamsin na man mota." Adadi da dalili su fito. Ma'aji kada ya buɗe akwati a kan yatsa.

Hajiya mai kula da ma'aikata:
Sannunku da ƙoƙari. Ni sunan ya yi mini. Abin da zan ƙara, kada takardar ta tsaya ga suna; ta ware guda huɗu ko biyar, ta ba kowace ma'ana guda. 👍 na karɓi saƙo, ba na amince ba. 👀 ina dubawa, aikin yana hannuna. ✅ an gama. ❓ ban gane ba, a ƙara bayani. Fiye da haka mutane ba sa riƙewa, kowa ya koma fassara da ransa.

Sai maganar girma, wadda ta fi damuna. In shugaba ko wanda ya girme ka ya rubuto maka kai kaɗai, yatsa tsura ba amsa ba ce, ana ganinta raini. Ka rubuta "To Yallaɓai, an ji", in ka so ka ƙara ƴar ishara a baya. Sanarwar da aka yi wa kowa daban ce: a can gara yatsan, don mutum arba'in in kowa ya rubuta "to", sanarwar ta nutse, wanda ya zo a makare ba zai gan ta ba. Zuciya ❤️ a bar ta gaba ɗaya tsakanin ma'aikata maza da mata. Abin da mai aikawa ya nufa daban, abin da mijin ko matar wani za su gani a salula daban. Gyara kuskure ko jan kunne ba a haɗa shi da ƴar fuskar dariya, wanda ake yi wa zai ji ba'a ake masa. Ta'aziyya kuwa da kalmomi ake yinta, "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri", in za a ƙara wani abu to 🤲 ya fi 🙏 kama da addu'armu.

Mai gyaran salula:
Hajiya ta taɓo wurin da ake yawan faɗawa. Da WhatsApp ya kawo tsarin sa ƴar ishara a jikin saƙon wani a 2022, guda shida ya jera: yatsa, zuciya, dariya, mamaki, baƙin ciki, haɗa hannu. Tsakanin dariya da baƙin ciki guda ɗaya ce kawai, kuma dukansu da hawaye. Yatsa ya zame, an yi dariya a sanarwar rasuwa. Gyaran: ka taɓa ƴar isharar a ƙarƙashin saƙon, ka taɓa sunanka, ta fita. A WhatsApp guda ɗaya mutum ke iya sawa a kan saƙo, sabuwa tana ture tsohuwa; a Slack, wata manhajar saƙonnin aiki, ana iya jera da yawa.

Wani abin ya shafi kuɗi. Wakilan ƙauyukan Dakoro da Madarunfa da ake aika wa SMS: saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƴar ishara ɗaya ta shiga, ya koma 70. Saƙo mai harafi 150 da zai tafi a guda sai ya rabu uku, a caje ku uku. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma haka suke yi. Tuta kuma a duba da kyau: ta Nijar da ta Indiya suna kama a ƙaramin allo, tamu da'irarta ruwan lemo ce, tasu shuɗiya.

Sakataren biro:
Saura guda, Malama: wadda ake sawa a jikin saƙon wani, mi za a ce mata?

Malamar Hausa:
Ba ta buƙatar sabon suna, aikatau ya isa. Wadda ta tafi cikin rubutunka, aika ta ka yi. Wadda ka danne saƙon wani ka sa masa, manna ta ka yi. Sai a rubuta: "Idan sanarwa ta kowa ce, a manna ƴar ishara, kada a aiko amsa."

Ma'aji:
Malam sakatare, a farkon takardar a rubuta "ƴar ishara, wato imoji" sau ɗaya don matasa su haɗa su. Layin kuɗin kuma a sa shi na farko, da manyan baƙaƙe.