Neman kalma: "sone" da fankar banɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fassara. Jiya na kawo muku kuka kan kalmomi biyu da suka tsaya mini a wuya, ina tsaka da fassara bayani kan ƙa'idojin gina gidaje masu tsimin makamashi a Amurka. Ta farko fankar nan da ake kafawa a silin ɗin banɗaki, wadda ba fifita take yi ba, aikinta zuƙe tururi da wari ta kai waje. Ta biyu kuwa "sone", ma'aunin da ake auna ƙararta da shi. Na karanta amsoshinku duka, ga inda na tsaya.

Ga wanda bai ga farkon zancen ba: ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE tana da ƙa'ida mai lamba 62.2 kan shigar iska da fitarta a gidajen zama, wadda ta fara fitowa a 2003. A cikinta, fankar da ke aiki dare da rana kada ƙararta ta wuce sone 1. Wadda ake kunnawa a kashe an ɗaga mata ƙafa zuwa sone 3. Fankar banɗaki ta kunna-kashe kuma dole ta iya fitar da iska kimanin lita 25 a daƙiƙa, ta kullum kuwa lita 10. Jihar Kalifoniya ta shigar da wannan ƙa'ida cikin dokar gininta.

Wani ya tambaya, ina ruwan kare muhalli da ƙarar fanka? Ruwansa babba. Gidajen nan ana toshe musu kowace kafa don kada ɗumi ko sanyi ya tsere, to tururin wanka ma ba shi da hanyar fita. Idan fanka tana ruri kamar injin niƙa, mai gida ba zai kunna ta ba. Laima ta zauna, bango ya yi fumfuna, fenti ya fara ɓarewa. Shi ya sa aka sa wa ƙarar iyaka.

Fankar ba ta ba mu wahala sosai ba. Wani ɗan uwa ya ce "fankar salansa", tunda da Turanci sunanta ɗaya da bututun hayaƙin mota, wato "exhaust". Na yi dariya, amma Malam, mai karatu zai zaci kayan gareji ne. "Fankar banɗaki" ta yi gajarta, sai dai akwai irinta a kicin. Na ɗauki "fankar zuƙe iska", domin sunan ya faɗi aikin.

A kan "sone" ne aka yi ta kai ruwa rana.

Bature yana furta ta kamar "son". In na rubuta "kada fanka ta wuce son 1", Bahaushe zai tsaya jira ya ji son wa, son me. In kuma na bar ta yadda take, za a karanta "so ne", mun koma hirar samari da 'yan mata. Wata 'yar uwa ta kawo "soni". Yaya, kin yi ƙoƙari, amma duk wanda ya taɓa riƙe rediyo ko talabijin, Sony ce za ta faɗo masa a rai.

Injiniya ɗaya ya ce mu huta, mu rubuta desibel kawai tunda an saba da ita. A nan ne ban yarda ba, ranka ya daɗe. Ba abu ɗaya suke aunawa ba. Desibel tana auna ƙarfin sautin kansa, yadda na'ura ke kama shi. Sone kuwa yadda kunnen mutum ke jin ƙarfin. Stanley Smith Stevens, masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Harvard, shi ya gabatar da ita a 1936. Sone 1 daidai yake da sauti mai kaɗawa 1,000 a daƙiƙa a kan desibel 40, kusan gunjin firij mai lafiya a kicin da ba hayaniya. Daɗinta shi ne lissafinta a miƙe yake: sone 2 ninki biyu ne na sone 1 a kunne, sone 4 ninki huɗu. A desibel kuwa, daga 40 zuwa 50 a takarda kamar ɗan ƙari ne, alhali kunne ya ji an ninka. In muka musanya su, lambobin ƙa'idar sun tashi daga aiki.

An kawo "amo" ma, kuma ina son kalmar. Sai dai amo na ganga ne da murya, abu mai daɗin ji. Kuma ba a ƙirga shi. "Amo 3" ba ya zama a baki.

Ra'ayina shi ne, ma'auni ba a fassara shi, aro ake yi a gyara masa zama, kamar yadda muka yi wa mita da lita da kilo. Asalin kalmar daga Latin ne, "sonus", wato sauti. Cire harafin ƙarshe, ka sami "sonu". Ta ƙare da wasali kamar yawancin kalmominmu, ba ta yi karo da so ba, ba ta yi karo da rediyo ba. A karon farko a rubutu sai a biyo ta da bayani: sonu, ma'aunin ƙarfin ƙara a kunne.

Ga jimlar yadda ta fito a fassarata: "Fankar zuƙe iska ta banɗaki, idan mai aiki ce dare da rana, kada ƙararta ta wuce sonu 1, idan ta kunna-kashe ce, kada ta wuce sonu 3." Ku karanta ta da ƙarfi ku ji ko harshe ya yi tuntuɓe, musamman ku mutanen Damagaram da Sakkwato, kafin in miƙa aikin ranar Litinin.