Sugan jinin Mama ya ƙi sauka, don Allah a ba ni shawara

Ƴar Auta:
Salam ƴan uwa, wata uku kenan da aka ce Mama tana da ciwon suga, tana shan maganin suga metformin amma da safe kafin ta karya in mun gwada 190 muke gani, wlh abin yana damuna, gashi ta ƙi rabuwa da tuwon shinkafa da daddare.

Maman Biyu:
Allah ya ba ta lafiya. 80 zuwa 130 ake so kafin a ci abinci, 190 kam yayi yawa, ki koma da ita wajen likita da takardar da kike rubuta gwajin. Tuwon kar ki hana ta gaba ɗaya ba za ta yarda ba, ki rage malmalar ki cika mata miyar ganye da wake, lemon kwalba da shayi mai suga dai a daina.

Baban Yara:
Shekara 8 ina fama da shi, tattaki bayan cin abinci ya taimaka min sosai. Ki dinga duba mata ƙafa kullum har tsakanin yatsu, kar ta taka ƙasa ba takalmi, ɗan ƙaramin ciwo sai ya ƙi warkewa.

Ƴar Auta:
Na gode Allah ya saka, ranar Litinin za mu koma asibiti insha Allah.