Fim ɗin dokin jeji: da gaske akwai dawakin da ba su da mai su?

Uban 'yan biyu, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. A hutun nan ƙanena ya kawo wa yarana wani tsohon fim na ƙasar Ostireliya mai suna The Silver Brumby, labarin wani ingarma da aka haifa a kan duwatsu, wanda wani mahayi ya sha alwashin sai ya sa masa linzami. Tun daga ranar suke tambayata ko da gaske akwai dawakin da ba su da mai su, domin su dai ba su san doki ba sai wanda suke gani da sirdi da kayan ado ranar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gwandu. Ina neman wanda zai fayyace mini abin da yake gaskiya a ciki da abin da yake ƙirƙira.

Malamar firamare, Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Dawakin suna nan, kuma brumby ne sunan da ake kiransu da shi a can. Asalinsu na gida ne: a 1788 jiragen ruwan Turawan Ingila suka sauke dawaki na farko a ƙasar, daga baya wasu suka tsere, wasu aka sake su, suka yi ta hayayyafa a jeji har jikokinsu suka manta da hannun ɗan Adam. Shi kuwa Thowra, dokin da ke cikin fim ɗin, ƙirƙira ce ta marubuciya Elyne Mitchell, wadda ta fitar da littafin farko a 1958 ta kuma bi shi da wasu. An yi fim ɗin a 1993, kuma wanda ya fito a matsayin mahayin nan shi ne ɗan wasa Russell Crowe, tun kafin duniya ta san shi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka nuna uwa tana rubuta labarin, 'yarta tana karantawa shafi bayan shafi.

Tsohon mai barga, Jega:
Ɗana, jikokina sun nuna mini shi a waya, kuma duk da ba na jin Turanci, na ji abin da dawakin suke faɗa. Faɗan ingarmu a kan goɗiyoyi ba ƙarya ba ne. Duk wanda ya taɓa kafa turke biyu kusa da juna ya san cizo da harbi. Sai dai ka zauna kusa da yara a wurin da aka kashe uban dokin, domin ƙaramar jikata ta yi kuka. Wanda ya tsara labarin ya san doki, tunda ya sa farin launin Thowra ya zama masifarsa. A wurinmu kili abin alfahari ne, shi ake sa wa a gaba ranar hawa, amma a jeji hasken jikinsa ne yake tona masa asiri, sai fa in ƙanƙara ta rufe ƙasa. Inda ban gamsu ba shi ne tsallen da ya yi daga kan dutse a ƙarshe. Doki yana da tsoron rami fiye da yadda suka nuna.

Ɗalibin likitancin dabbobi, Gusau:
Baba ya yi gaskiya, sai dai akwai ɓangaren da fim ɗin bai taɓo ba. Dabbobin Ostireliya na asali ba su da kofato, saboda haka dawakin suna tattake bakin ƙoramu da fadamun duwatsu. A 2023 gwamnatin jihar New South Wales ta amince a riƙa harbinsu daga jirgi mai saukar ungulu a gandun dajin Kosciuszko, da nufin rage su zuwa 3,000 kafin tsakiyar 2027, kuma masu ƙaunarsu sun yi ta adawa da hakan.

Uban 'yan biyu, Birnin Kebbi:
Na gode muku ƙwarai. Maganar harbin zan ajiye ta sai sun ƙara wayo. Baba, idan ba za mu takura maka ba, zan kawo su Jega ranar Asabar su ga yadda ake ba doki harawa da dusa, domin har yanzu ba su taɓa shafa wuyan doki ba.